A faɗa wa makaranta ciwon yaro, ko a rufa masa asiri?

Maman Usman, Agege: Salamu alaikum iyaye. Ni dai na gama shawara, sabuwar makarantar da zan kai Usman ba za su ji daga bakina cewa yana da sikila ba. A waccan da na faɗa, malamar ta miƙe a gaban aji ta ce kada kowa ya taɓa shi. Kafin Juma'a yara sun raɗa masa abiku, wato ɗan wabi da Yarbanci. Yaro ya dawo ya ƙi cin abinci.

Malam Sani, Idi-Araba: Hajiya, an ɓata miki, amma ki sake tunani. Ni malamin aji ne. Yaro ya ɗaga hannu karo na uku zai je fitsari, in ban san komai ba cewa zan yi yawo yake so. Alhali mai sikila ƙodarsa ba ta riƙe ruwa, dole ya yi ta sha yana fitarwa. A hana shi gora, a sa shi durƙuso cikin rana, ko ruwan Yuni ya dake shi a layin safe, sai ƙwayoyin jinin nan masu kama da lauje su toshe jijiya, ya kwana yana ihun ƙashi.

Alhaji Bala, Mile 12: Malam, kai namiji kake kallo. Tawa mace ce, farfaɗiya gare ta. Magana in ta shiga makaranta ta shiga unguwa, gobe manemi ya ji ya sulale. Tana shan maganinta, shekara biyu ba ta faɗi ba. Wane ne zai sa ni tona?

Sista Hauwa, Obalende: Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Amma ranar da ta faɗi fa, Allah ya kiyaye? Na karɓi yarinya a asibiti da haƙori biyu a karye, cokali aka cusa mata. Wata kuma manja aka ɗura mata, ya bi ta huhu. Abin da ake so malami ya sani kaɗan ne: a ture benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya ta gefe, kada a sa komai a baki, a duba agogo. In jijjigar ta haura minti 5 a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa a nan Legas. Kuma miyau ba ya yaɗa farfaɗiya, yaran da ke gudu su daina.

Baban Fati, Ijora: Mu mun faɗa, me ya amfana? Fati na da asma, aka karɓe Ventolin ɗinta, maganin da take shaƙa, aka kulle a ofishin hedimasta wai kada yara su yi wasa da shi. Ranar shara ƙura ta tayar mata, mai makulli ya tafi banki.

Malam Sani: To ai nan gyaran yake. Abin shaƙa aljihun yaro ne wurinsa, shara kuma a canza mata da tattara littattafai.

Sista Hauwa: Maman Usman, jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, Usman ba shi kaɗai ba ne a makarantar nan. Ki je cibiyar sikila ta Idi-Araba, tsallaken LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ko wurin likitansa, a rubuta miki takarda. Ki ba malamin aji da hedimasta kawai, ki ce amana ce.

Alhaji Bala: Amana a ɗakin malamai? Sista, ni dai ban sauka ba.

Maman Usman: Zan karɓo takardar. Amma sai na zauna na ga fuskar malamin tukuna, in irin waccan ce takardar a jakata za ta kwana.