Tsoro ya hana ni barci, wace Zabura zan riƙe?

Maman Tagwaye: 'Yan'uwa cikin Almasihu, tun da ɓarayi suka shigo unguwarmu wata biyu ke nan, ko kare ya yi haushi sai gabana ya faɗi. Maigida yana aikin dare. Me zan karanta?

Baba Dattijo: Sannu 'yata. Buɗe Zabura 3. Dawuda yana gudun ɗansa Absalom ya yi ta, amma ya ce ya kwanta ya yi barci, don Ubangiji na riƙe da shi.

Uwar Zumunta: Ni Zabura 91 nake karanta wa yara da ƙarfi, mu yi waƙa ɗaya. Kuma ki gaya wa zumuntar mata, wata ta riƙa taya ki kwana. A sa sakata dai!

Maman Tagwaye: Na gode, Baba. Yau zan fara.