Corolla ta 2005 tana shaƙewa in na taka totur, me zan fara dubawa?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Corolla ƙirar 2005 mai injin 1.8, wadda mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Sati uku ke nan ta hana ni sakat. Da safe in na tayar da ita sai ta yi ta karkarwa a silo, har sitiyari na rawa. In na taka totur ta shaƙe kamar za ta mutu, can kuma ta fizga. Ranar Asabar muna hawan tudun Mampong da Hajiyarmu a baya, wutar gargaɗin injin da ke gaban direba ta dinga ƙiftawa, dole na sauka gefen titi. Wani fita, wato makanike, ya canza min fulogi huɗu, ba ta daina ba, yanzu ya ce in sayo famfon mai. Ba na son rabuwa da motar nan, kuma ba ni da kuɗin gwaji.

Masta na Magazine:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya gafarta wa Baba. Kada ka sayi famfo tukuna. Da farko dai, in wutar nan tana ƙiftawa, rage tafiya da motar. Akwai silindar da ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, zai iya ƙone katalis ɗin da ke ciki mai tace hayaƙi, kuma ya fi famfon tsada nesa ba kusa ba.

Zo Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, a jona mata kwamfuta. In ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, wato ba ta ƙona mai daidai. Injin nan kowane fulogi da koyil ɗinsa mai ba shi wuta a kai, to abin da sauƙi: a ce ta biyu ce, cire koyil ɗinta ka musanya da na ta uku, a goge lambar, ka zaga gari. In misin ɗin ya bi koyil zuwa ta uku, ka kama ɓarawonka, ɗaya tak za ka saya. In ya tsaya a ta biyu, sai a koma kan nozul mai fesa mai da ƙarfin matsin silindar. Kuma in ka zare koyil, haska ramin da tocila. Baƙin mai a ciki na nufin gasket ɗin murfin injin ya yi yoyo, shi ke cinye robar koyil.

Direban tasi, Tafo:
Alhaji, ni tawa ruwa ne a tanki, bayan na sha mai a wani gidan mai lokacin damina. Tuna inda ka sha na ƙarshe.

Malama Asawase:
Yaya, wannan karkarwar ta safe ta tuna min tawa. Tana raguwa in injin ya ɗau zafi? Ni P0171 ta nuna, wato iska ta yi wa mai yawa. Ashe gasket ɗin hanyar shigar iska ne ya bushe, yana zuƙar iska ta gefe in da sanyi. Sai kuma ƙurar hunturu da ta rufe ɗan sensa ɗin da ke auna iska a bayan iya kilina, wato matatar iska. A wanke shi da maganin fesawarsa kawai, kada a bari yaro ya sa masa tsumma ko fetur, wayoyinsa sirara ne ƙwarai.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na je Magazine yau. P0303 ta fito, muka mayar da koyil ɗin kan ta ɗaya, sai ga P0301. Ramin na uku cike da baƙin mai, kamar yadda Masta ya faɗa. An canza koyil da gasket, ta daina fizga. Amma Malama, ita ma P0171 tana nan, kuma karkarwar safe ba ta tafi duka ba. Masta, a fara da wanke sensa ko a buɗe hanyar iskar kai tsaye?

Masta na Magazine:
Fara da sensa, ba ya cin kuɗi. In ba ta daina ba, kawo ta da sassafe kafin ta yi zafi, mu nemo inda take shan iska.