Ɗana ya kafe sai kimiyyar kwamfuta: waɗanda suka yi, ya kuka same ta?

Wata uwa: Assalamu alaikum. Lokacin zaɓen darussa ya zo wa ɗana a sakandare, ya ce shi sai kimiyyar kwamfuta. Yaron ba ya gajiya da gem a waya, shi ya sa nake tsoron kada son wasa ne ya ja shi. Don Allah wanda ya yi darasin, ko ya koyar, ya faɗa mini gaskiya.

Wani tsohon ɗalibi: Mama, ni ma gem ne ya ja ni. Makon farko ko taɓa kwamfuta ba mu yi ba. Malam ya ce mu rubuta 13 da sifili da ɗaya kawai. Amsar ita ce 1101: akwai takwas, akwai huɗu, babu biyu, akwai ɗaya. Daga nan muka shiga yadda bit 8, wato gurbi takwas da kowanne ke ɗaukar sifili ko ɗaya, ke ba da lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Abokaina biyu a nan suka sare. Ni kuwa ranar da na gane cewa kowane launi a fuskar wayata lambobi uku ne, na ja da kore da shuɗi, sai darasin ya shiga raina.

Wata malama: 'Yar'uwa, koyon Word da Excel daban, wannan darasi daban, kuma iyaye da yawa suna haɗa su. Ki gwada shi a gida. Ki riƙe wata lamba a ranki tsakanin 1 da 1000, ya yi ta canka, ke kuma ba abin da za ki ce sai "sama" ko "ƙasa". Wanda ya fara da 500, ya riƙa raba abin da ya rage gida biyu, ba zai wuce canka 10 ba. Idan ya tsaya yana tambayar me ya sa 10, ki ƙyale shi ya zaɓa. Yaran da suka fi burge ni ba lallai su ne gwanayen lissafi ba, su ne masu jure kuskure. Sai dai kada ya yi wasa da lissafin, zai neme shi a gaba.

Wata ɗaliba: Maganar Malama haka take. Na taɓa kwashe yamma guda ina fama da Python, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, har da hawaye, ashe wani layi ne ban tura ciki daidai da 'yan'uwansa ba. Da na gyara, shirin ya tashi, sai da na yi ihu. Anti, ya fara gwada Scratch, manhajar koya wa yara haɗa shirin kwamfuta, kyauta ne, jera tubala kawai ake yi.

Wani uba: Hajiya, ki je makarantar da ƙafarki. Ni ban je ba, nawa ya shekara yana rubuta shiri a takarda, su biyar a kan na'ura ɗaya, har abin ya fita ransa. Har yau yana yi mini ciwo. Ki tambayi kwamfuta nawa ke aiki, sau nawa ake shiga ɗakin a mako, kuma malamin abin da ya karanta ke nan ko cike gurbi yake yi.

Uwar: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Malama, mun yi wasan daren jiya. Ya fara da canka barkatai, a zagaye na uku ya gano dabarar rabawa da kansa, sannan ya ɗauko takarda yana neman sanin canka nawa miliyan ɗaya za ta ci. Ya ce 20. Ranar Litinin zan je in ga ɗakin kwamfutar.