Neman kalma: me za mu kira "streak" a manhajar tilawa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wata manhajar karatun Alƙur'ani, gobe da azahar zan miƙa aiki, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: streak. Ka yi karatu yau, ka yi gobe, lamba tana hawa. Ka tsallake rana ɗaya ta koma sifili. Irin na Duolingo da Snapchat. Gurbin bai ɗaukar fiye da haruffa 20.

Ɗan Damagaram: "Kwana 12 a jere." Shi ke nan.

Na Zaure: Jere ai na ɗakin amarya ne. Sa "dawwama". Hadisin Nana A'isha yana Buhari da Muslim: aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai, ko da kaɗan ne.

Baban Ummi: Lazimi fa?

Na Zaure: Ka sa lazimi, wasu su goge manhajar tun kafin su buɗe, su ce ta 'yan Tijjaniyya ce.

Tsohon Ɗan Jarida: Kullum sai mu ruga Larabci kamar Hausa marainiya ce! Ni na ce "ɗorau", daga ɗora, a ƙirar mantau da jimrau. Ita kanta "manhaja" da kuke ta kira, tsarin karatun makaranta muka sani da ita.

Baban Ummi: Baba, ɗorau kamar sunan ɗan dambe.

Na Zaure: In za a kori Larabci, a fara da littafi da alƙalami. Jaridar ma a maido mana.

Ɗan Damagaram: Dama ku mutanen Kano sai abin da bakinku ya faɗa ne Hausa.

Tsohon Ɗan Jarida: Ni Basakkwace ne, yaro.

Malamar Islamiyya: Malamai, bawan Allah nan gobe zai miƙa aiki. Yaron da ya zo makaranta kullum, cewa muke "bai yi fashi ba". To, "Kwana 12 ba fashi". Amma ka gaya wa masu manhajar: mace tana fashin sallah duk wata, da yawa suna ajiye Mus'hafi a kwanakin. Lambarta ta koma sifili kan abin da shari'a ta ba ta uzuri? A sa mata maɓallin uzuri.

Baban Ummi: Kar dai a karanta fashi da makami.

Malamar Islamiyya: Wancan "fa" ɗinsa gajere ne, namu ja ake yi. Ba Bahaushen da zai rikice.

Mai Fassara: Na gode Malama, haruffa 17, ya shiga. Kan shafin dai suna yake so, zan sa "Ɗorewa" duk da bai kwanta min ba. Maganar uzuri zan rubuta musu, haɗe da hoton harshen wutar da suka manna kusa da lambar. Wuta a gefen Alƙur'ani!

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗorewa ai ƙanwar ɗorau ce. Ku je ku dawo.