Dogon mutum a kan ƙaramin kuruza: me ake fara gyarawa?

Dogon Mahayi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aikin gyara babur ya dace da dogon mutum da hannunsu su zubo mana abin da suka gani. Mahayin tsayinsa santimita 196, ƙafarsa daga matsematsi zuwa ƙasa 92, takalmi lamba 47. Babur ɗin ƙaramin kuruza ne (irin baburan nan masu sit a ƙasa-ƙasa) mai cc 500, matakin ƙafarsa a tsakiya. Matsaloli uku ne: gwiwa ta fi ƙugu tudu har kafin minti 40 kwankwaso ya ɗauki ciwo, in an karya kan babur har ƙarshe, hannun babur yana bugun gwiwa, madubi kuwa kafaɗa kawai yake nunawa. Sayar da babur ɗin ba ya cikin lissafi. Ta ina za a fara?

Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam Dogo. Zaman babur wurare uku ne: inda mazaunai suke, inda ƙafa take, inda hannu yake. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun sun motsa. Kuruza an yi shi ne da gajeren sit don ƙafa ta taka ƙasa sosai. Honda Rebel 500 sit ɗinsa milimita 690 ne daga ƙasa, Yamaha V-Star 250 yana da 685, Kawasaki Vulcan S 705. Amma wannan lambar ba ita ce damuwar dogo ba. Damuwarsa tazarar da ke tsakanin sit da mataki.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, wani ya riƙe babur a tsaye, mahayin ya hau da takalmin da yake hawa da shi, ƙafa biyu a mataki, a ɗauki hoto daga gefe daidai tsayin tanki. A hoton ka dubi abu biyu. Shin ƙugu yana sama da gwiwa ko ƙasa? Lanƙwasar gwiwa ta buɗe ta wuce digiri 90 ko ta matse? In gwiwa ta fi ƙugu tudu, ƙashin ƙugu yana kwantawa baya, gadon baya ya ranƙwafa, nauyin jiki duk ya sauka a ƙarshen ƙashin baya. Ciwon minti 40 ɗin daga nan yake.

A yi sit tukuna, sannan mataki, hannu a ƙarshe. Wanda ya fara da hannu, sau biyu zai sayi kebur.

Mai Ɗinkin Sit:
Gaskiyar Oga ce, kuma sit ne mafi sauƙin komawa baya in an yi kuskure. Abu biyu ake nema: a ɗaga mazauni sama, a tura shi baya.

A cire sitefulan (ƙananan wayoyin da suka riƙe leda) da ke ƙasan sit da siririn sukudireba, a yaye ledar a hankali. Za ka ga soson yana da kwari a tsakiya da tudu a baya, wanda yake tokare mahayi. Wannan tudun ne yake turo dogo kan tanki. A zana layi da maka, a yanke santimita 3 zuwa 5 daga gabansa. Wuƙar lantarki ta yanka burodi ta fi komai yanka soso daidai. In babu, ruwan zarton ƙarfe. Kada a cinye tudun gaba ɗaya, domin shi ke hana mutum zamewa baya in ya ja totur, musamman in ƙafa ta koma gaba.

Sai a cike kwarin da soso mai tauri, irin na gutsattsarin da aka matse aka haɗa, kauri santimita 4 zuwa 5. Soso mai laushi na katifa ba ya aiki: a shago zai yi daɗin zama, bayan mako biyu ya lotse, mutum ya koma inda yake. Gam ɗin da ake shafawa ɓangare biyu a bar shi ya sha iska shi ake amfani da shi. A goge da sanfefa mai kaushi har ya yi faɗi wajen mazaunai, ya tsuke wajen cinya. Gaban sit ya ɗan fi tsakiya tudu kaɗan, in ba haka ba kowane birki sai mahayi ya zame ya daki tanki.

Kafin a ɗinka sabuwar leda, a naɗe soson da leda ta wucin gadi, a hau a yi tafiyar awa guda. A dawo a rage inda ya tokare. Bayan haka a shimfiɗa soso mai laushi na santimita 1 a sama, a rufe da siririyar ledar hana ruwa, sannan rigar sit. Tsohuwar rigar ba za ta kai ba in ƙarin ya wuce santimita 2. Sitefula na milimita 6 zuwa 8 marasa tsatsa. Masu tsawo suna huda roba su fito ta sama.

Mai Doguwar Tafiya:
Ni dai shawarata a sa dogayen shokazoba a baya, babur ya tashi, magana ta ƙare.

Bakanike:
Ɗan'uwa, ba za ta ƙare ba. Sit da mataki duk a jikin firam ɗaya suke. Ka ɗaga babur da santimita 5, su biyun sun tashi tare, gwiwa tana nan yadda take. Abin da dogon shokazoba ke bayarwa shi ne ƙarin tazara daga ƙasa a kwana, da sauƙin miƙewa in an tsaya. Yana da amfani, amma ba maganin gwiwa ba ne.

Mai Walda:
Maganar mataki. Hanya mafi tsafta ita ce cikakken saitin da ke kai mataki da giya da birki gaba gaba ɗaya, wanda aka yi wa wannan samfurin babur ɗin. Wasu baburan ma daga kamfani suke zuwa da wannan. Vulcan S, tun fitowarsa a 2015, yana da tsarin da Kawasaki ke kira Ergo-Fit: ramuka uku na mataki, milimita 25 gaba ko baya daga na tsakiya, da sit na dogaye daban. Ko a shi ɗin sai an canza sandar giya in an matsar da mataki.

Ga inda aikin ke lalacewa. Na farko sandar giya. Kafin ka zare ɗan hannun da ke kan shaf ɗin giya, ka ɗiga alama a kan haƙoran don ka mayar da shi inda yake. Sandar da ɗan hannun su haɗu kusa da digiri 90 a duka ƙarshen biyu. In kusurwar ta karkace, giya za ta yi nauyi ta ɓangare ɗaya, ta riƙa faɗawa firi tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Sandar tana da zaren dama a kai ɗaya, zaren hagu a ɗayan, don a juya ta tsawonta ya ƙaru ko ya ragu ba tare da an cire ta ba. Wanda bai sani ba sai ya murɗe notin hagun har ya cinye. Doguwar sanda siririya kuma tana lanƙwasa in an taka. Ta zama mai kauri.

Na biyu birkin baya. In na ganga ne mai sanda, bayan an sa doguwar sanda a daidaita wasan fedar, galibi milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama. A juya taya da hannu a tabbatar ba ya gugar komai, sannan mutum ya zauna a danna babur ƙasa a sake juyawa, domin wani lokaci birkin yana kamawa da kansa in shokazoba ta lotsa. In na mai ne, a tabbatar fedar tana komawa har ƙarshe. In ba ta koma ba, man ba ya samun hanyar komawa kofinsa, birki ya yi zafi ya maƙale a tafiya. Kada a manta sifirin ɗin da ke kunna fitilar birki.

Na uku ƙarfen da ke ɗauke da komai. Faranti kada ya gaza milimita 8, kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, a ɗiga musu Loctite 243 (gam ɗin da ke hana su kwancewa), a ɗaure da sifana mai awo bisa littafin babur ɗin. Ba na yarda a yi walda a jikin firam don wannan aikin. A yi amfani da ramukan da ke akwai.

Ga mai ƙafa 92, santimita 10 zuwa 15 gaba yakan isa in an riga an gyara sit. Gwiwa kada ta miƙe sambal, sai da ragowar lanƙwasa.

Tsohon Hannu:
Ku bari in sa baki, don akwai abin da ake biya. In ƙafa ta tafi gaba, ba za ka iya miƙewa a kan mataki in ka hango rami ba. Duk abin da tayar baya ta daka, kai tsaye gadon baya zai karɓa, kuma shokazobar ƙaramin kuruza tafiyarta ba ta cika wuce milimita 100 ba. Iska kuma tana shiga tsakanin cinyoyi tana buɗe ƙafa. A kwana, diddigen takalmi lamba 47 shi zai fara shafar kwalta kafin mataki.

Saboda haka ga mai bin hanya mai gargada, na fi son a bar giya da birki a tsakiya, a ɗaga sit sosai, a ɗaura ƙarfen kare inji, a maƙala masa matakan hutawa. A auna kaurin bututun kafin a sayi maƙalan, da yawa milimita 32 ne, wasu 25. Amma a nan ƙafa ta yi nisa da birki, sai a buɗaɗɗiyar hanya kawai ake ɗora ta.

Dogon Mahayi:
Na gode Baba. To hannun da ke bugun gwiwa fa?

Bakanike:
Sau da yawa in ƙugu ya koma baya, gwiwa ta sauka, bugun yana ɓacewa da kansa. Shi ya sa aka bar shi ƙarshe. In bai ɓace ba, a fara da abin da ba ya cin komai: a sassauta kusoshin da suka danne hannun, a murɗa shi gaba kaɗan, a sake saita libar kulos da ta birki yadda wuyan hannu zai miƙe.

In bai isa ba, a sa abin ɗaga hannu. A auna kaurin ƙarfen a daidai inda ake danne shi, domin akwai na milimita 22, akwai na 25.4, wasu kuma tsakiyarsu ta fi bakinsu kauri. Dogo sama yake buƙata, ba baya ba. Mai jawo hannu baya zai ƙara kawo shi kan gwiwa. Ɗagawar milimita 25 yawanci keburan asali suna ɗauka, wani lokaci har 50 in an sake musu hanya ta bayan fok, wato ƙarafan biyu da ke riƙe tayar gaba. Abin da ya wuce haka sai dogon kebur na totur da na kulos, dogon tiyon birki, da ƙarin waya.

Gwajin da ba a tsallakewa: a tayar da inji a bar shi a silo, a karya kai hagu har ƙarshe, a karya dama har ƙarshe. In ƙarar inji ta tashi ko kaɗan, kebur ɗin totur ya ɗame, kada a hau. Totur ya koma da kansa in an sake shi a kowane ɓangare. A ɗaga gaban babur taya ta bar ƙasa a duba tiyon birki, domin a nan fok yake miƙewa gaba ɗaya, kuma tiyon da ya isa a ƙasa yana iya ɗamewa a nan. In an canza tiyo, sababbin wosha na tagulla, man da aka rubuta a murfin kofin, a fitar da iska har liba ta yi tauri. In sabon hannu aka sa gaba ɗaya, akwatunan makunni suna da ɗan tsini a ciki da ke shiga rami. A huda masa rami, kada a kankare shi, in ba haka ba akwatin totur zai riƙa juyawa. Hannu kada ya wuce tsayin kafaɗa, yatsu za su riƙa mutuwa.

Mai Doguwar Tafiya:
Na karɓi gyara, Oga. Amma shokazoba tana da wurinta, domin dogo ba ya rasa nauyi. A auna daga tsakiyar tayar baya zuwa wata alama a madigadi, sau ɗaya taya a sama ba nauyi, sau ɗaya mahayi a zaune da kayansa. Bambancin ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokazoba, wato milimita 25 zuwa 30 a irin waɗannan baburan. In ya fi haka a ƙara matse sifirin, duka ɓangarorin biyu a tsani ɗaya. In an kai tsanin ƙarshe yana lotsewa, sifirin mai ƙarfi ake buƙata.

Wanda ya sa doguwar shokazoba, kada ƙarin ya wuce milimita 25. A sake daidaita cen ko bel, a duba ƙarfen da ke riƙe taya bai daki salansa ba. Babur zai ƙara kwantawa a kan ƙarfen jingina, hasken fitila zai sauka ƙasa, kan zai ƙara saurin juyawa. Masu shaf a madadin cen irin Honda Shadow 750 Aero su fi kowa taka-tsantsan, don gaɓar shaf ɗin ba ta son kusurwa mai yawa.

Mai Ɗinkin Sit:
Madubi akwai ƙarin wuya da ake ɗaurawa, yana kai shi sama da waje santimita 4 ko 5. Zaren yawanci milimita 10 ne, amma a Yamaha na hannun dama yakan zo da zaren hagu, a duba kafin a saya.

Tsohon Hannu:
Gilashin tare iska shi ma a bar shi sai an gama sit, tunda kai ya tashi. Gajeren gilashi ga dogo ya fi rashinsa muni, domin iskar da ya ture daidai hular kwano take bugawa, kai ya riƙa karkarwa. Bakinsa na sama ya zo daidai tsakanin leɓe da hanci in mutum ya zauna yadda ya saba, yana kallon hanya ta samansa. In an sa dogon gilashi karkarwar ba ta daina ba, a tafiya a sa tafin hannun hagu a gefen tanki. In ta lafa, iskar daga ƙasa take hawowa, ƙananan faifan da ake ɗaurawa a fok ne maganinta.

Libar giya kuma a sauke ta ko a ɗaga ta da sandar giyar nan har kan takalmin ya shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga diddige daga mataki ba. Bayan kilomita 100 na farko, a bi duk kusar da aka taɓa da sifana, a fara da na mataki da na hannu.