Ina gane Turanci a karatu, amma kalmomin ba sa zuwa bakina

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne, ina shirin zana IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Idan na ɗauki Daily Trust ina gane yawancin abin da ke ciki, amma da na zo rubutu ko magana sai in ga 'yan kalmomi kaɗan nake ta juyawa. Na cika littafi da kalmomi daga ƙamus, kafin gari ya waye sun gudu. Don Allah ya ake yi?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam ɗana. Haddar ƙamus wahalar banza ce, ka bar ta. Kalmar Turanci ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan tafiya. Mu "yi" ɗaya gare mu, shi ya sa ɗalibaina ke cewa "do a mistake", alhali Bature "make a mistake" yake cewa. Don haka duk kalmar da ka tsinta, rubuta ta tare da jimlar da ka same ta a ciki, sannan ka ƙirƙiro taka jimlar kan aikinka na asibiti.

Ka kuma nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000. Tushen kalmomi 570 ne masu yawan fitowa a rubutun jami'a, irinsu za ka yi ta karo da su a jarrabawar. Biyar a rana sun ishe ka. Sai dai bita, kamar mai haddar da ba ya barin tilawa: yau, jibi, sannan bayan mako.

'Yar Damagaram:
Malam ya gama magana. Ni da Faransanci na yi boko, kunne ne ya taimake ni. Shirye-shiryen koyon Turanci na Muryar Amurka, wato VOA Learning English, a hankali ake karanta su, ga rubutun a gabanka kana bi. Bitar kuwa manhajar Anki ce ke tsara min, kalmar da ta ba ni wuya ita take yawan dawo min da ita.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, manhajar nan ba ta cin data kuwa?

'Yar Damagaram:
Sai wajen saukewa. A Android sunanta AnkiDroid, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Amma katunan kalmomin da ake bita da su a cikinta, ka rubuta naka da kanka, kar ka ɗauko na wasu.