Gem ɗin harbi da ya zo muku da sabon salo: yaya kuka karɓe shi da farko?

Mai Shagon Gem:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da na daɗe ina gani a shagona. In na sa sabon gem ɗin harbi wanda tsarinsa ya saɓa da wanda aka saba, kafin a je ko'ina sai yara su ajiye hannun gem (abin da ake riƙewa a sarrafa wasan) su ce a mayar musu da ƙwallo. Wani gem ɗin bayan 'yan makonni sai ka ga ana layi a kansa, wani kuma shi ke nan an binne shi. Don Allah kowa ya faɗi wanda ya taɓa zo masa a haka, da abin da ya ji.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ni nawa Resident Evil 4 ne, da ya iso na'urar PlayStation 2 (PS2) a ƙarshen 2005. Mu da muka taso da na baya a PS1, mun saba kyamara tana kafe a lungun ɗaki. Sai ga wannan ya ɗora ta a bayan kafaɗar Leon, jarumin da kake sarrafawa, ga jan ɗigon haske da za ka saita da kanka, kuma in ka ɗaga bindiga ba ka iya takawa ko taku ɗaya. Mutanen ƙauyen da kake yaƙa a gem ɗin suna tahowa da gatari da cokalin noma, kai kana tsaye cak. Unguwarmu kaf muka ce an lalata gem. Abin da ya juya mu shi ne ranar da wani yaro ya harbi ɗaya a gwiwa, ya durƙusa, ya matsa ya sheme shi da ƙafa. Nan muka gane tsayuwar nan ita ce gem ɗin: ka zaɓi inda za ka tsaya, ka zaɓi gaɓar da za ka harba, ka yi tattalin harsashi. Bayan shekara ɗaya Gears of War ya fito da kyamarar kafaɗa, daga nan ta zama ruwan dare.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, ai kai ka tuna na kyamara. Ni analog biyu, 'yan sandunan nan na jikin hannun gem, su ne suka wahalar da ni, na hagu tafiya, na dama kallo. Ina tafiya ina kallon sama, ko ƙasa. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Alien Resurrection ya zo da wannan tsarin a PS1 tun 2000, masu sharhin gem a Turai da Amurka suka yi ta kukan wahalarsa. A 2001 Halo ya fito a Xbox da irin wannan riƙon, yau kuma yawancin gem ɗin harbi na irin waɗannan na'urori haka suke. Halo ɗin ma da na same shi wurin ɗan baffana, haushin bindiga biyu kacal na fara ji, don na saba ɗaukar goma a jiki.

Uwar Biyu:
Ni Splatoon ce, ta Nintendo, da ta fito a Wii U a 2015. Mun saya wa yara ne a nan inda muke zaune. Mai gidan ya kalla sau ɗaya ya ce wannan ai fenti ne, ba harbi ba. Da gaske kuwa fenti ne: huɗu da huɗu, minti 3, wanda launinsa ya fi mamaye ƙasa shi ya ci, ko da bai kashe kowa ba. Kana iya rikiɗa ka koma 'yar halittar teku ka nutse cikin tawadarka, ka yi sauri, tankinka ya cika. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne saiti da karkata hannun gem ɗin kansa. Ya kashe wannan nan take. Ni da ban taɓa sabawa da analog ba, na bar shi a kunne, ban ji wata wahala ba. Shi ya sa nake ganin yawancin ƙin da ake yi a ranar farko daga yatsu yake fitowa, waɗanda suka riga suka haddace wani abu daban.

Sojan Ƙasa:
Anti, ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai sabon abin da ake ƙi don bai dace ba. Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 ya zo da rigar ƙarfe mai sa tsalle biyu a sama. Na ba shi lokaci sosai, na iya shi, amma har yau ban so shi ba. Daɗin Call of Duty a wurina shi ne sanin taswira, ka san ta wace ƙofa mutum zai ɓullo. Da kowa ya koma shawagi, wannan ilimin ya tashi a banza. Kuma mu da yawa ne: tallar Call of Duty: Infinite Warfare ta 2016 ta sha ƙin jini a YouTube ba kaɗan ba, a 2017 suka dawo da ƙafa ƙasa da Call of Duty: WWII.

Uwar Biyu:
Gaskiyarka ƙanina. Kai ka iya shi kafin ka yanke hukunci. Mai gidana bai kai nan ba ya ajiye.

Na Bakin Kasuwa:
Returnal a PS5, 2021. Maɓallin L2 na jikin hannun gem yana da mataki biyu: ka danna rabi ka saita, ka danna duka bindiga ta sauya irin harbinta. Yatsana ya saba matsewa gaba ɗaya, sai da na koya masa sassauci. Wannan na so shi cikin kwanaki. Abin da ya raba mu shi ne in ka mutu ka koma farko, kuma lokacin da ya fito babu yadda za ka adana wasa a tsakiyar zagaye. Zagaye ɗaya yana iya cin awa biyu ko fiye. A ɗauke wuta, komai ya tafi. Daga baya cikin shekarar an ƙara damar dakatarwa a ci gaba, amma ita ma sai ka shiga ka zaɓe ta da kanka, wuta kuwa ba ta sallama.

Mai Shagon Gem:
Wannan na ƙarshen shi ya fi shafata. Yaron da ya biya kuɗin rabin awa ba zai ɓatar da ita wurin koyon riƙo ba. Yanzu in sabo ya zo, da safe nake kunna shi kyauta kafin kasuwa ta buɗe, sai biyu ko uku sun iya, sauran su gani a hannunsu. Akwai wanda ya gwada saitin karkata hannu a PS5? Ina son jin ko ya cancanci in koya wa yaran.